"An Fara!": Tarihin Idon Mai Fargaba, Daga Landan Zuwa Kasuwar Sabon Gari



Maƙalar wannan makon ta samo asali ne daga wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan duk labaran da ake turo mini in duba, da zarar tsoro ya kama tauraruwar labari jimla ɗaya ake ba ta: gabanta ya yanke ya faɗi. Wani ya ƙara da "ras!", wata ta ce zuciya ta buga kamar za ta fasa ƙirji. Daga nan sai labari ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Yarinyar da aka ce ta firgita tana nan tana lissafa mana launin labule da irin turaren da ke tashi a falo, har da sunan motar da ke ajiye a waje. Ni ma na rubuta haka, ba sau ɗaya ba. Amma duk wanda ya taɓa firgita da gaske ya san ba haka abin yake ba.

A shekarar 2015, cikin azumi, bam ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari da ke Dogarawa ranar 7 ga Yuli, ya kashe mutum fiye da 20. Kwanaki kaɗan bayan haka mahaifiyata ta aike ni kasuwar Sabon Gari sayen takalman sallah na ƙannena. Ina cikin layin masu takalma sai aka ji wata ƙara daga wajen titi, wani ya ɗaga murya ya ce, "An fara!" Kafin ka ce kwabo kasuwa ta hautsine. Abin da nake so ku lura da shi shi ne abin da ya rage a kaina har yau. Akwai wani mutum a gabana da baƙar jaka goye a baya, zif ɗinta a buɗe rabi, wata farar waya ta leƙo daga ciki. Ko yanzu aka ba ni takarda zan zana jakar nan. Fuskar mutumin kuwa ba ta nan, haka ƙofar da na bi na fita, haka inda na yar da ledar takalman. Daga baya aka gane tayar wata motar kaya ce ta fashe.

Me ya sa jakar ta zauna sauran duka suka ɓace? Masana halayyar ɗan Adam sun shafe shekaru da dama suna bin wannan tambaya, kuma tarihin binciken nasu da tarihin garinmu suna haskaka juna fiye da yadda na zata kafin in fara karatu a kai.

Bari mu fara da kalmomi, tunda su ne jarinmu. Bahaushe bai haɗa tsoro da fargaba a kwando ɗaya ba. Tsoro yana da abin da ake nunawa da yatsa: ga kare nan, ga wuta nan. Firgita ko razana abu ne na ƙiftawar ido, jiki ya motsa kafin tunani ya iso. Fargaba da zullumi kuwa na abin da bai riga ya zo ba ne, wataƙila ma ba zai zo ba. Su ma masu binciken haka suka raba su, kuma fargabar ce ta fi ba su aiki.

A littafinsa na 1872 kan yadda motsin rai ke bayyana a jikin mutum da dabba, Charles Darwin ya ba da labarin gwajin da ya yi wa kansa a gidan namun daji na Landan. Ya kai fuskarsa dab da gilashi mai kauri wanda kasa ke kwance a bayansa, da ƙudurin ko ta kawo sara ba zai motsa ba. Kasa ta kawo sara, sai ga malamin ya yi tsalle da baya. Ya san akwai gilashi, amma sanin bai hana ƙafarsa aikinta ba.

Wannan razana ce. Maganar inda hankali ke karkata kuwa, bayan yaƙin duniya na biyu aka samu wata sabuwar hanyar auna ta. A 1953 Colin Cherry ya riƙa saƙala wa mutane abin sauraro a kunne, kowane kunne da maganar da ake zuba masa, ya ce su bi ta kunne ɗaya suna maimaitawa. Da aka tambaye su abin da ɗaya kunnen ya ji, kusan babu komai. Ko da aka sauya harshe daga Turanci zuwa Jamusanci yawancinsu ba su lura ba. A 1959 Neville Moray ya sake gwajin a Oxford, amma ya cusa sunan mai sauraron a kunnen da aka ce ya yi watsi da shi, sai kusan mutum ɗaya cikin uku ya ji sunansa. Ashe akwai mai gadi a bakin ƙofar hankali, yana sauraron abin da muke zaton mun toshe, yana zaɓar wanda zai shigar. Uwar da ke gano kukan jaririnta a tsakiyar hayaniyar gidan biki ba ta buƙatar a yi mata wannan bayani.

To, idan mutum mai fargaba ne, wa mai gadinsa yake shigarwa? Nan ne masana halayyar ɗan Adam biyu na asibitin St George da ke Landan, Andrew Mathews da Colin MacLeod, suka shigo. Sun ari wani tsohon gwaji da Ba'amurke John Ridley Stroop ya wallafa a 1935, inda ake rubuta kalma da tawada mai launi a ce mutum ya faɗi launin tawadar, ya ƙyale kalmar. A 1985 suka ba masu fama da ciwon fargaba wannan gwaji, suka ga idan kalmar ta shafi cuta ko rauni ko jin kunya a gaban jama'a, bakinsu yakan yi ɗan nauyi kafin su faɗi launin. Masu suka suka ce ai wannan ba hujja ba ce, ƙila kalmar ta tayar musu da hankali ne kawai, shi ya sa komai nasu ya yi sanyi.

Don amsa wannan suka sai su biyun, tare da Philip Tata, suka ƙirƙiro gwajin da ya zama ginshiƙin fannin, suka wallafa shi a 1986. Ina so ku bi shi a hankali, don dabarar tana da kyau. Za a zaunar da mutum gaban kwamfuta. Kalmomi biyu su bayyana, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, na tsawon rabin sakan. A wasu lokutan ɗaya daga cikinsu kalmar barazana ce, ɗayar kuma kalma ce da ba ruwanta da kowa. Da sun ɓace sai wani ɗan ɗigo ya fito a gurbin ɗayarsu, aikin mutum shi ne ya danna maɓalli da zarar ya gan shi. Idan hankalinka yana wurin tun da farko za ka yi saurin ganin ɗigon, idan yana ɗaya gurbin sai ka ɗan makara. Da haka aka auna inda hankali yake ba tare da an tambayi mai shi ba. Sun gwada marasa lafiya 16 da masu lafiya 16. Masu fargabar sun fi sauri idan ɗigon ya fito a gurbin kalmar barazana. Masu lafiyar kuwa hankalinsu ya ɗan kauce daga wurin. A wannan karon kalmar barazana sauri ta ƙara wa mai fargaba, don haka hujjar masu suka ta faɗi.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A Suwidin, a 2001, Arne Öhman da abokan aikinsa suka nuna cewa mutane sun fi saurin tsinto hoton maciji a cikin hotunan furanni fiye da tsinto fure a cikin hotunan macizai, kuma mai tsoron maciji ya fi kowa sauri. A shekarar dai Elaine Fox a Ingila ta kawo wani gyara mai muhimmanci: babbar matsalar mai fargaba tana wajen janye ido bayan ya gani. Kowa yana hango haɗari, amma shi idan ya hango sai ya kafe. Kakanninmu sun taƙaita rabin wannan bincike da suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Sai dai karin maganar bai faɗa mana sakan nawa ba, bai kuma raba hangowa da kafewa ba.

Gwajin da ya fi kusa da sana'armu shi ne na 1989, wanda Mathews ya yi da Anne Richards da Michael Eysenck. Suka riƙa karanto wa mutane kalmomin da furucinsu ɗaya ne amma ma'anarsu biyu, suka ce su rubuta abin da suka ji. A Turanci kalmar mutuwa da ta rini haka suke. Masu fargaba sun fi yawan rubuta mutuwa. Ku dawo da wannan kasuwar Sabon Gari. "An fara" jimla ce da ba ta cika ba. An fara me? Ana iya fara ruwan sama, ana iya fara rabon kaya. Mai ihun bai faɗa ba, kuma babu wanda ya tsaya tambaya, don kowa ya cike gurbin da kansa. Abin da kowa ya cike da shi kuwa daga tarihin garin ya ɗauko shi.

Sabon Gari jirgin ƙasa ne ya haife shi. Layin dogo ya iso Zariya a 1911, sai Turawa suka yanka fili a wajen ganuwa don ma'aikatan jirgi da akawuna da fatake da suka zo daga Kudu da ma wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Birni na can cikin ganuwarsa, Tudun Wada ta tsaya a tsakani, barikin Turawa na gefe. Samaru kuwa ta tashi ne a jikin gonar gwajin aikin noma da aka kafa a 1922, ta bunƙasa da Jami'ar Ahmadu Bello wadda aka buɗe a watan Oktoba na 1962. Wato an tsara garin ne ta yadda mutane za su haɗu a kasuwa da tasha da rana, su rabu da dare. Kana ganin mutum kullum, ka san farashin kayansa, amma ba ka san abin da ake faɗi a tsakar gidansa ba. Irin wannan zama gona ce mai kyau ga jita-jita.

Ku tuna ma yadda jaridar da duk muke alfahari da ita ta samu. A ƙarshen shekarun 1930 Hitila yana ta neman a mayar wa Jamus ƙasashen da aka ƙwace mata a Afirka, sai magana ta bazu cewa Ingila za ta miƙa wa Jamus Nijeriya. Kashe irin wannan ji-ta-ji-ta na cikin dalilan da suka sa aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu na 1939, Abubakar Imam yana edita, Dokta Rupert East yana kula da ofishin. Amurkawa sai a 1942 suka buɗe nasu shafin tankaɗe jita-jita a wata jaridar birnin Boston. Daga wannan aiki ne Robert Knapp ya tattara jita-jita sama da 1,000 ya rarraba su, ya wallafa a 1944. Na fatan alheri 'yan kaɗan ne ƙwarai. Na tsoro zalla kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Kusan kashi biyu cikin uku kuwa na raba kan jama'a ne, masu nuna wata ƙabila ko wani rukuni a ce su ne. A 1947 malaminsa Gordon Allport da Leo Postman suka ce ƙarfin jita-jita muhimmancin magana ne a ninka shi da duhunta. Ninkawa suka ce, domin idan ɗaya ya zama sifili duka sun tashi a sifili. Maganar da ta shafi rai kuma babu mai cikakken bayani a kanta, ita ce mai fukafukai.

Shekarar 1966 ta haɗa duka biyun. Ranar 15 ga Janairu aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshin Arewa. Waɗanda suka yi kisan suna tsare, ba a gurfanar da su ba, gwamnati ba ta yi wa jama'a bayani mai gamsarwa ba. Watanni huɗu Arewa tana zaune cikin wannan duhu. A irin wannan hali komai sai ya zama alama. Hoton da aka liƙa a shago, faifan da aka sa a mashaya, dariyar da aka yi a tasha, duk ana karanta su a matsayin izgili ko shirin wani abu. Wasu izgilin ne da gaske, tarihi ya tabbatar. Amma idon da ya riga ya kafe ba ya ƙirga shaguna ɗari da ba su liƙa komai ba. Ranar 24 ga Mayu Janar Ironsi ya sa hannu a doka mai lamba 34 wadda ta rushe jihohi ta haɗe aikin gwamnati wuri ɗaya. Ɗaliban Arewa a Samaru da Kongo, waɗanda ke ganin guraben aikin da suke karatu dominsu za su suɓuce, suna cikin na farko da suka fito zanga-zanga. A ƙarshen watan abin ya rikiɗe ya zama kisa a sabon garuruwan Arewa, har da na Zariya. A ƙarshen Satumba kuma wani rahoto daga gidan rediyon Kwatano, cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas, ya bi ta rediyon Kaduna ya shiga kowane gida. Abin da ya biyo baya ya fi na Mayu muni. Dubban 'yan kabilar Ibo da sauran mutanen Gabas suka mutu, ɗaruruwan dubbai suka gudu, da yawansu ta tashar jirgin da ta kafa Sabon Garin tun farko.

Na san wannan ba shi ne ɓangaren tarihin da muke son maimaitawa ba. Amma marubucin da ke son fahimtar dalilin da ya sa mai shagon kayan gyaran mota a Sabon Gari ke rufe ƙofa tun kafin kai ka ji komai, dole ya san abin da aka ba shi labari a gida. Shi ma yana da nasa baƙin tsumman.

Bayan nan jerin yana da tsawo, zan wuce da sauri. Afrilun 1978, zanga-zangar ɗalibai kan kuɗin makaranta, sojoji suka yi harbi a Samaru. Ranar 23 ga Mayu 1986, 'yan sanda suka harbe ɗalibai a cikin jami'a. Maris 1987, rikicin da ya faro a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya iso Zariya cikin 'yan kwanaki, aka ƙona majami'u da dama. Afrilun 2011, bayan zaɓe. Ranar 17 ga Yuni 2012, bama-bamai a majami'u a Sabon Gari da Wusasa. Sai Dogarawa, sai Disambar 2015. Farfesa Murray Last, wanda ya yi aikin binciken tarihi a Zariya a shekarun 1960, ya rubuta a 2008 cewa akwai wata fargaba da ta game Musulmin Arewa game da tsaron jikinsu da na addininsu. Shekara guda kafin nan ya kira dangantakar Musulmi da Kirista a ƙasar nan da sunan da za a iya fassarawa da kasuwar firgici ta siyasa. Kalmar kasuwa ta yi mini daidai, don inda ake firgita akwai mai cin riba.

Ba kullum ido ke kallon waje ba, wani lokaci jiki yake juyowa. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Sunny Ilechukwu, ya ba da labarin yadda a 1975 a Kaduna ɗan sanda ya kawo masa mutum biyu, ɗaya yana zargin ɗayan da sace masa mazakuta. Aka duba, komai na nan. Ya sake rubutu kan yadda abin ya zama annoba a Legas a 1990, kuma mun ga dawowarsa a 2023. Wanda aka tsoratar, ya kafa wa wata gaɓa tasa ido yana jiran canji, zai ji canji. Haka daren gishiri na Agustan 2014, da aka yi ta buga waya ana tashin mutane su yi wanka da ruwan gishiri saboda Ebola. Cutar ba ta ƙetaro Arewa ba, ta tsaya a Legas da Fatakwal, amma an ruwaito gishirin ya kashe aƙalla mutum 2.

Wani likita Ba'amurke, Randolph Nesse, ya kare fargaba da lissafi. Ya ce kamar ƙararrawar gobara take, gara ta yi kuka sau ɗari a banza da ta yi shiru sau ɗaya da gaske. Ɗan kasuwar da ya rufe shago ya gudu saboda taya ya yi asarar cinikin yini ne, wanda ya tsaya ranar da bam ne ya yi asarar komai. Lissafin daidai ne, kuma shi ya sa ba na yi wa kaina dariya kan ledar takalman. Amma yana da sharaɗin da ba a cika faɗi ba: yana aiki ne idan abin da ƙararrawar ta sa ka yi gudu ne. Idan duka ta sa ka yi, kuɗin kuskuren wani ne zai biya. A 1987 Elizabeth Loftus da abokan aikinta suka nuna wa mutane hotunan wani mutum a gidan abinci, wasu suka gan shi riƙe da bindiga, wasu riƙe da cakin banki. Waɗanda suka ga bindiga idonsu ya fi daɗewa a hannunsa, kuma sun fi kasa gane fuskarsa daga baya. A ƙarshen Maris 2025 a Uromi ta jihar Edo, aka tare motar da ta ɗauko mafarauta 'yan Kano masu komawa gida sallah, aka ga bindigogin farauta, a garin da satar mutane ta addaba. Aka kashe mutum 16. Mun yi kuka, kuma ya cancanci kuka. Amma duk wanda ya karanta tarihin 1966 da zuciya ɗaya zai gane idon da ya kalli mafarautan nan, don an taɓa yin irinsa a titunanmu.

Kada kuma ku ɗauka binciken Turawan ya tafi sumul. A 1988 aka wallafa wani gwaji da ya yi suna, wai fuskar mai fushi tana tsalle ta fito daga cikin taron fuskoki masu murmushi. Shekara 8 bayan haka wasu suka gano cewa hotunan masu fushin suna da wani baƙin tabo da ya samu wajen sarrafa hoton, tabon ne mutane ke tsintowa. Gwajin ɗigon ma bai tsira ba. A 2007 Yair Bar-Haim da abokansa suka haɗa bincike 172 suka ce karkatar gaskiya ce, ko da yake ba ta kai girman da ake zato ba. Tun a 2002 MacLeod, wanda ya koma Ostireliya, ya nuna ana iya horar da idon ɗalibai ya riƙa bin kalmar barazana ko ya riƙa kauce mata, kuma waɗanda aka horar su bi sun fi shiga damuwa da aka ba su aiki mai wuya. Aka yi murna an samu magani mai arha, har aka yi manhajoji. Manyan gwaje-gwajen asibiti ba su cika wannan buri ba. A 2005 Stefan Schmukle ya nuna cewa mutum ɗaya in ya yi gwajin sau biyu sakamakonsa ba ya zama ɗaya, sannan a 2019 wani nazari kan marasa lafiya kimanin 1,000, wanda ita kanta Elaine Fox ke ciki, bai ga karkatar ba sam da wannan ma'auni. Abin da ake aunawa yana nan, ma'aunin ne yake rawa.

Sakamakon da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda Bar-Haim ya wallafa a 2010. Ya auna fararen hular Isra'ila lokacin yaƙin Gaza na 2008 zuwa 2009, gwargwadon kusancinsu da inda rokoki ke sauka. (Mutanen Gaza, waɗanda wuta ta fi sauka a kansu nesa ba kusa ba, ba sa cikin waɗanda aka auna.) Waɗanda suka fi kusa da haɗarin, maimakon idonsu ya manne wa kalmar barazana, kauce mata yake yi, alhali sun fi kowa damuwa. Wannan na san shi a gida. Akwai dattijon da in aka ɗauko zancen 1987 sai ya tashi ya ce zai yi alwala. Akwai matar da ba ta bin hanyar Dogarawa, kuma ba za ta taɓa ce maka ga dalili ba. Sannan a tuna cewa, kamar yadda Joseph Henrich da abokansa suka nuna a 2010, kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun fannin daga ƙasashen Yamma suke, ƙasashen da ke ɗauke da kashi 12 kacal na mutanen duniya. A ɗakin gwaji na Landan kalmar barazana tawada ce a allo, shi ya sa aka kira bin ta da ido ciwo. A Kwangila wani lokaci ciwo ne, wani lokaci wayo ne, kuma mutum ɗaya yana iya ɗauke da duka biyun. Mutumin Palladan da jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ke shawagi a kansa tun safe ko ɗaga kai ba ya yi, baƙo ne ke kallon sama. Amma a bar babur guda ajiye a ƙofar masallaci ba mai shi, ka ga wanda zai fara tsarguwa.

To, ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan ka zo rubuta mai fargaba, ka rage masa duniya. Kada ya ga labule. Ba shi abu ɗaya ya kafe a kai, ƙarami, wanda mai karatu zai iya zanawa, ka bar sauran ɗakin ya dushe. Idan an yi masa magana mai fuska biyu, ya ɗauki mummunar, ko da mai maganar alheri yake nufi, rabin rikicin labari ma daga nan zai fito ba sai ka nemo kishiya ko boka ba. Abin da zai kafe a kai kuma ya fito daga tarihinsa: 'yar Samaru da aka haifa bayan 2000 da kakarta da ta ga 1966 ba abu ɗaya za su hango a titi ɗaya ba. Idan kuma wanda abin ya taɓa ci ne da gaske, gwada rubuta shi yana kauce wa zancen, yana gyara hula, yana tambayar ko an ba awaki ruwa.

Na sake rubuta abin da ya faru da ni a kasuwa har sau uku. A na farko gabana ya yanke ya faɗi. A na biyu na bar jakar ita kaɗai, ya fi kyau. A na uku na koma bayan idon mai jakar, kuma shi ne ya fi ba ni wuya. Farar wayar nan, da na nutsu na tuna kamanninta, wayar cajin salula ce irin wadda ke cikin aljihuna a ranar. Mutumin gudu yake yi kamar kowa, yana neman ƙofa. A bayansa akwai wani yaro ɗan shekara 16 da ya kafa wa jakarsa ido, bakinsa a buɗe, kalmar "ga shi nan" tana kan harshensa, mutum ɗari a firgice suna kewaye da su. Numfashi ne bai ishe ni ba, shi ya sa ban faɗa ba.